Dattijo Ya Faɗa Kasko

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, cikar da ba ta bar wa komai wuri ba, iyalan Alhaji Tasi'u mai atamfa na unguwar Tahaggart, tare da ɗaliban ajin bita da ke taruwa a tsakar gidan Ustaza Aishatu Humaira, suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar tabarau ɗin 'yarsu Khalida, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya cika ranar Laraba bayan azahar, a ɗakin Inna Tani, mahaifiyar Khalida, bayan jinyar da ba ta kai tsawon tafasar shayi ba. Ya tafi ya bar mai shi da jarrabawar bak ta gama sakandare a gabanta, wadda za a fara ranar Lahadin nan.

An haifi marigayi a can arewa, a wani gari na bakin teku da Khalida ba ta taɓa zuwa ba. Ya iso Tamanrasset cikin ɗan kwali a shekarar da ta gama firamare. Kafin zuwansa, malamai da dama sun riga sun yanke mata hukuncin rashin kai. Yarinya ce da ke hango motar babanta tun daga kwanar masallaci, amma da an ɗora mata littafi a cinya sai haruffa su watse kamar tururuwar da aka zuba wa ruwa. Takan miƙe hannu da littafin iyakar tsawonsa, ta ƙanƙance ido, ta yi layi biyu da ƙyar, sai hawaye da ciwon kai. Da aka kai ta wurin likita, ya auna ya sake aunawa, sannan ya ce wa Alhaji Tasi'u 'yarsa ba daƙiƙiya ba ce, idon tsofaffi ne Allah ya ba ta tun tana ƙarama, kuma na hagun ya fi na daman tsufa.

Ranar da ta fara zuwa lekkol da shi, ajin ya kwashe da dariya. Gilasansa masu kauri ne a tsakiya, sun mai da idanunta manya kamar na mujiya, ga baƙin kewaye mai faɗi irin na tsofaffin da ke karatu a ƙofar masallaci. Wani ɗan ajin ya tashi ya rusuna mata, ya tambaye ta lafiyar jikoki. Daga nan sunan Dattijo ya bi tabarau ɗin. Khalida ta yi kuka, ta cusa shi can ƙasan jaka tare da ɓawon gyaɗa. Marigayi bai riƙe ta a zuci ba, ya jira. Da yamma ta fito da shi a bayan ɗaki inda ba kowa, ta buɗe littafin Larabci, sai ta ga haruffa sun tsaya cik, kowanne a mazauninsa, kowane ɗigo a kan mai shi. Ta gama shafi, ta juya, ta gama na biyu, kanta bai sara ba. Tun daga ranar, barci da alwala ne kawai ke raba su.

Duk wanda ya zauna da marigayi zai shaide shi da haƙuri. Ya faɗo daga bayan babur ya tashi. An zauna a kansa a gidan biki, ƙafarsa ta hagu ta karye, Mahamane tela ya ɗaure ta da baƙin zare, ya koma bakin aiki yana ɗingishi, bai nemi hutu ba. Ya sha tururin shayi, ya sha zufa, ya sha goga da gefen hijabi alhali yana da ƙyallensa na kansa. Bai taɓa nuna wa Khalida ƙarya ba. Abin da ke kan takarda shi yake kawo mata, ko mai daɗi ko maras daɗi, har da jan alƙalamin bik na malamin falsafa.

Ba mai yawan magana ba ne. Kalmominsa uku ne a duniya, kuma duk 'yan ajin bita sun haddace su. In ya ce "ƙyas", an buɗe shi ke nan, a yi shiru, karatu ya fara. In ya ce "ƙirit", ƙafar nan mai ɗauri ce ta motsa don Khalida ta tura shi bisa hanci, alamar ta gano kuskure a lissafin wani, sai ka ga kowa ya rufe takardarsa da tafin hannu. In kuwa aka ji "ƙwas", gidansa ne, ɗan akwatin da yake kwana a ciki, ya rufe, bita ta ƙare, a naɗe tabarmi. Akwai ranakun da Ustaza kan ce a tashi a ƙi tashi, amma ba a taɓa musu da "ƙwas" ba.

A watannin nan na ƙarshe ne marigayi ya yi aikin da ya fi kowanne nauyi a rayuwarsa. Wanda yake da ɗalibin bak a gida ya san yadda lokacin yake. Tun da safe za ka ga 'yan mata da samari suna kai da komo a gindin katanga, littafi a ƙirji, suna maimaita tarihi da ƙarfi kamar masu faɗa da iska. A tsakar gidan Ustaza tabarmi ke bin inuwa, in ta matsa a matsa, har a ƙure da bango. Tambayoyin shekarun baya suna yawo hannu zuwa hannu, an sake buga su an sake bugawa har rubutun ya koɗe ya zama kamar sawun ƙuda. Kullum da sabuwar jita-jita kan darasin da zai fito, kullum da mai rantsuwa cewa ɗan uwan maƙwabcinsu ya ji daga majiya mai ƙarfi. Iyaye mata sun daina aike, ƙanne sun koyi tafiya da sanɗa. Duk takardar da ta gagari idon kowa, Dattijo ake miƙa wa. Bilkisu, aminiyar Khalida, takan ce su bakwai ne a ajin amma ido biyu gare su, kuma na aro ne.

Ya kamata masu ta'aziyya su san abin da ya sa wannan rashi ya wuce na gilashi da roba. Alhaji Tasi'u ya tsufa da kasuwar nan, gwiwa ta ƙi, ya yanke shawarar rufe kanti ya koma Damagaram da iyalinsa kafin ƙarshen damina. Khalida a nan aka haife ta, duk karatunta da Larabci ta yi shi. In ta koma can, lekkol da Faransanci take, sai dai ta sauka ƙasa ta zauna da sa'o'in ƙannenta, in ma an karɓe ta. Shi ya sa uban ya yi mata alkawari a gaban Ustaza: in ta ci bak, za ta zauna wurin gwaggonta ta shiga jami'a, in ba ta ci ba, ta hau mota tare da dilolin atamfa. Bai faɗa da mugunta ba. Iyakar abin da zai iya ke nan. Babu baɗi a maganar, Lahadin nan ce kawai.

Ciwon ajalin marigayi ya faro ne ranar Litinin, a wani gidan suna da shi kansa bai halarta ba. Mata sun cika tsakar gida ana ta hirar jarrabawa, kowace na faɗin irin ramar da ɗanta ya yi. Sai Laure, maƙwabciyar su Khalida, mace mai son mutane da saurin baki, ta daki kafaɗar Inna Tani ta ce, "Ke kam Tani kin huta. Mai ido huɗu ai ba ta faɗuwa. Ta ci ta gama, ku je ku ɗaure ragon walima." Aka yi dariya. Ba wadda ta tuna ta ce masha Allah. Inna Tani ta yi murmushi don kunya, amma tuwon sunan bai wuce mata ba.

Washegari bik ya fashe a jakar Khalida. Da yamma ta ce kanta na ciwo. Ga kowa, wannan gajiya ce da zafin rana. Ga uwar da ta kwana da maganar Laure a ƙirji, baki ne ya fara aiki.

Ranar Laraba bayan azahar Khalida ta kishingiɗa don ta ɗan runtsa kafin bita. Gajiya ta hana ta mai da Dattijo gidansa, ta ninke shi ta ɗora a kan littafin lissafi. Inna Tani ta shigo da sanɗa. Ta riga ta zuba garwashi a kasko can ɗakinta, ta barbaɗa jawul da habbatus sauda, ta kifa kabbasa, kwandon nan mai ramuka da ake turara tufafi a kansa. Ta shimfiɗa hijabin da Khalida za ta sa ranar Lahadi, ta jera bik biyu. Sannan ta ɗauko marigayi da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta ɗora shi a gefe inda hayaƙi ya fi fitowa, tun da shi ne aka ambata da baki a gidan suna. Ta lulluɓe duka da bargo don kada albarkar ta tsere. Daidai nan motar ruwa ta tsaya a ƙofar gida tana kira, kuma wanda ya san unguwar nan ya san ba a barin motar ruwa ta jira.

Ba wanda ya ga lokacin da marigayi ya zame. Ana kyautata zaton zafi ne ya sassauta zaren Mahamane, ƙafar ta saki, ya sulale ta ramin kabbasa ya faɗa tsakiyar garwashi. Ƙanwar Khalida da ke wasa a bakin ƙofa ita kaɗai ta ji kalamansa na ƙarshe. Ta ce ya yi "tsuuu" mai tsawo, sannan ya ce "tas", ya yi shiru.

Wari ne ya ta da Khalida, ba na jawul ba, na roba. Ta lalubi kan littafi, hannunta ya sauka a kan takarda tsirara. Ta lalubi tabarma, ta lalubi ƙarƙashin matashi. Sai ta bi warin har ɗakin uwarta, ta tarar da ita durƙushe cikin hayaƙi, ta tsamo wani baƙin abu daga wuta da yatsunta, ba cokali ba ludayi. Khalida ta karɓa. Ta kawo shi kusa da fuska, ba ta ga komai ba. Sai da ta miƙe hannu iyakar tsawonsa, kamar yadda take yi tana 'yar firamare, sannan ta gane gawar. Gilasan biyu sun narke sun haɗe, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe ta rungume su.

Inna Tani ta ce, "Don kada baki ya kama ki na yi, 'yar nan."

Khalida ba ta yi kuka ba. Ta koma ɗaki ta zauna a gaban littafin lissafi a buɗe, har aka kira la'asar.

An yi iya ƙoƙari. Alhaji Tasi'u ya naɗe gawar a hankici ya zaga masu sayar da tabarau na garin nan, da gwiwar tasa. Kowanne ya duba takardar likita ya girgiza kai: irin wannan kauri ba a ajiye shi a nan, daga arewa ake yanko shi, ga Juma'a a tsakani, ko an aika yau sai an tashi daga takarda ta ƙarshe zai iso. Ustaza ta je ta tambaya ko za a yarda wani ya karanta wa Khalida tambayoyi a ɗakin jarrabawa, aka ce irin wannan roƙo tun lokacin hunturu ake shigar da shi.

Ranar Alhamis Khalida ta zo bita kamar kullum. Ta zauna a wurinta, fuskarta ta yi wani iri, ƙarama, kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Ta buɗe littafi ta rufe. Bilkisu ta matso ta riƙa karanta mata da ƙarfi, ita kuma tana ba da amsa da ka, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Wannan ne ya fi komai ciwo. Karatun yana nan cikin kanta, cikakke, an dafa an sauke, ga shi ba ƙofar da zai fita. Da aka miƙo mata takardar bara ta gwada da kanta, ta yi layi biyu, hawaye suka zubo, ba a san na idon ba ne ko na zuciya. Ta tambayi Bilkisu a hankali ko a Damagaram akwai masu jin Larabci. Ba wanda ya ce a tashi a ranar, don babu mai cewa "ƙwas".

Ita kuwa Inna Tani, tun Laraba ba ta sa komai a bakinta ba. Da gari ya waye ta naɗe yatsunta biyu da tsumma, ta ɗauki farantin da take kai wa baƙi dabino, ta shiga Tahaggart gida gida. Matar da ba ta taɓa aron gishiri ba, ta tsaya a ƙofar mutane tana roƙon tabarau. Ta faɗi abin da ta yi da bakinta a kowane gida, ba ta rage ba. Bayan la'asar ta shigo tsakar gidan Ustaza da faranti cike, ta ajiye a gaban 'yarta, ta koma jikin bango ta tsaya.

Akwai baƙaƙen tabarau na direbobi, akwai na 'yan gayu da ba magani a cikinsu, akwai na mai walda, akwai wani da ido ɗaya ya fita. Akwai na Mahamane tela, wanda ya cire daga fuskarsa ya rufe kekensa, ya ce masu ɗinki su jira, su ba jarrabawa gare su ba. Can ƙasa kuma akwai wani tsoho mai kewayen ƙarfe, na marigayi mijin Laure. Ita ta kawo shi da kanta har bakin ƙofa, ta kasa shigowa.

Khalida ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ta sa, ta dubi takarda, ta cire. Na Mahamane ya jawo haruffan kusa kaɗan, amma suna cikin hazo. Na mijin Laure ma haka. Faranti ya ƙare. Bilkisu, wadda in abu ya yi mata ciwo wasa take mai da shi, ta ɗauki na mijin Laure ta ɗora mata a kan na Mahamane, ta ce tun da dattijo ɗaya ya tafi, ga biyu nan su yi mata zaman makoki. Wasu suka fara dariya, sai suka ga Khalida ba ta motsa ba. Ta rufe idon hagu da tafin hannu. Ta sunkuya. Ta karanta layin farko da ƙarfi, ta karanta na biyu, ta karanta na uku.

Kada a ɗauka an tsira. Idon dama ne kawai ya samu, na hagu yana nan cikin hazonsa. Kafin ta kai ƙarshen shafi jiri ya kama ta, dattijan biyu kuma ba su saba da juna ba, da ta sunkuya sai na saman ya zame. Takardar lissafi ba shafi ɗaya ba ce, wuni ake yi a kanta. Amma Khalida ta ɗago da fuskarta mai hawa biyu, ta nemi inda uwarta take tsaye, ta yi mata magana ta farko tun ranar Laraba.

"Inna, samo zare ki ɗaure mini su. Ke kika iya ƙulli."

Inna Tani ta zare zare daga bakin zanenta. Da yatsun nan masu tsumma ta ɗaure, ta ƙulla ta sake ƙullawa, ta datse da haƙori. Ba ta tofa addu'a a kansu ba. An dai ga leɓenta na motsi.

Marigayi ya rasu ya bar gidansa, wanda har yanzu in an rufe shi yakan ce "ƙwas" ba kowa a ciki. Ya bar ƙyallen gogewa da bai more shi ba. Ya bar bik biyu da hijabi, waɗanda suka fita daga hatsarin lafiya, sai ƙamshi. Ya bar wani ɗan kwarmi a karan hancin Khalida, inda yatsanta ke zuwa kullum ya tura abin da babu. Ya bar ɗalibai shida da ba su da mai duba musu kuskure, da kuma ido ɗaya na hagu, maraya, wanda shi ne dalilin wannan sanarwa.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Za a sa shi a gidansa, a binne shi a gindin lemun tsamin da ke tsakar gidan Ustaza, inda inuwa ke ƙarewa. Zaman makoki a nan ne, daga lokacin har zuwa magaribar Asabar. Bayan nan ba sauran amfani.

Iyalai suna roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da goro ko dabino. Kowa ya zo da tabarau. Irin wanda ake nema shi ne mai kauri a tsakiya, wanda in ka ɗora shi a kan rubutu sai rubutun ya ƙara girma. Wanda ke ƙanƙantar da rubutu a bar shi a gida. A duba akwatunan iyaye da kakanni da suka riga mu, a duba cikin gafaka da saman kabad. An fi sa rai ga na tsofaffin da aka yi wa aikin yanar ido tun da daɗewa, ko da gilashi ɗaya ne ya rage, ko da ba ƙafa. Direbobin da ke shigowa ta In Amguel da masu kawo kayan lambu daga Tahifet, don Allah a tambayi dattawan can. Kowane tabarau za a ɗaura masa sunan mai shi, a mayar masa da hannu biyu ranar da aka fito daga takarda ta ƙarshe.

Inna Tani ce za ta karɓi gaisuwa, Laure na gefenta. A yi musu ta'aziyya a wuce, kada a tambayi yadda aka yi. Ba za a kunna kasko ba, kuma ana roƙon kada kowa ya zo da turare.

Roƙo na ƙarshe. Ranar Lahadi da safe, in Allah ya kai mu, duk wanda ya ga wata yarinya ta fito daga Tahaggart da ido shida, ko takwas, ɗaure da zaren bakin zane, tana tafiya a hankali ƙawarta na riƙe da hannunta, kada ya yi dariya. Ya fi muhimmanci kuma, kada ya yaba. Ya ce masha Allah a cikin zuciyarsa, ya ba ta hanya.